Kalabule: Kalmar da Aka Ce Daga Zango Ta Fito

 Ga abin da muka tattauna a filin tarihi na wannan mako, mun buga shi saboda waɗanda suke daji da dabbobi ko suke bisa hanya lokacin da aka watsa shirin.

Wani mai sauraronmu a Zangon Lome ne ya aiko da tambaya. Ya ce yakan ji dattawan da suka yi zama a Gana suna cewa "wannan ciniki kalabule ne", kuma ya taɓa jin wani ɗan boko a Aflawo yana cewa wai kalmar ta Hausawa ce, don su suka kawo halin. Yana so ya ji gaskiyar magana. To, tambayar ta fi yadda ya ɗauke ta nauyi. A kan wannan kalma an rushe kasuwa, an yi wa mata bulala a bainar jama'a, kuma zargin da ke cikinta yana daga abin da ya kai manyan hafsoshin soja gaban bindiga.

Kalabule kalma ce ta Turancin Gana. Jaridu sun buga ta, malaman jami'a sun yi littattafai da ita, shugabanni sun faɗe ta a rediyo. Ma'anarta cin ƙazamar riba ta hanyar maguɗi: ka sami kaya a farashin gwamnati, ka ɓoye, ka sayar a bayan fage da ninkin kuɗin. Daga baya ta faɗaɗa, duk wata harka ta rufa-rufa sai a ce kalabule. Yau ta tsufa. Yaron da aka haifa bayan 1990 ya san ta ne daga bakin iyayensa, kamar yadda namu yaran suke jin labarin anini da sisi.

Littattafan Turanci da yawa sun ce daga Hausa ta fito, sukan rubuta asalin da "kere kabure", su fassara shi da cewa a yi shiru da maganar. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san an tauna maganar kafin a rubuta ta, don ba mu da irin wannan furuci. Abin da ya fi shiga kunne, wanda wasu ma suka kawo, shi ne "kar a buɗe". Ku gwada faɗinsa da sauri sau uku. A Hausar zangunan Gana, wadda ake kira Gananci, ɗ takan koma d, ƙ ta koma k, sai ka ji "kar a bude". A harsunan kudu kuma, irin su Tuwi na Asantawa, d da r da l 'yan ɗaki ɗaya ne, wannan takan zauna a gurbin waccan. Karabude, kalabude, kalabule. Tafiyar ba ta da nisa. A ganina wannan bayani ya fi sauran tsayuwa da ƙafarsa, don ma'anar ta dace da aikin: katan ne a ƙarƙashin tebur, an rufe shi da tsumma, mai kaya na raɗa wa yaronsa kar a buɗe sai wanda aka sani ya zo.

Ba ita kaɗai ba ce. Ku dubi "wayo". A wurinmu wayo ba zagi ba ne. Yaro ya yi wayo, wato ya fara sanin dama da hagu, kuma mukan yabi mutum da wayon zaman duniya. Amma da kalmar ta shiga Turancin buroka na Nijeriya da Gana, sai ta zama cuta tsagwaronta, a ce da mutum mai wayo a can, an kira shi macuci ke nan. Ga kuma "sakawa", sunan da mutanen Gana suka ba damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi, wadda ta yi tashe bayan shekarar 2000. Ita ma daga "saka" ta Hausa aka ce ta fito. Kalmomi uku ke nan, kuma mai son zagin Zango zai ce ga hujja.

Sai dai hujjar gurguwa ce. Shinkafa da waken da ake ci daga Ankara har Tamale, "wakye" suke ce mata, daga wake. Tuwon arewacin Gana sunansa "tuwo zafi" a kowane gidan abinci. Matan da ke dako a kasuwar Ankara "kayayo" ake kiran ɗayarsu, rabin kalmar kayanmu ne, rabin kuma kalmar mutanen Ga ce mai nufin mace. Hausa ce harshen kasuwa a wannan yanki shekara da shekaru, kuma ita ce harshen bariki. Tun rundunar da Bature Glover ya tara aka yi yaƙin Asante na 1874 da ita, sojan Gwal Kwas da 'yan sandanta suka riƙa jin umarni da Hausa, ko da su ba Hausawa ba ne. Harshen da ake ciniki da shi, shi zai ba da sunan abinci da sunan dako, shi ne kuma zai ba da sunan cuta. Ƙari a kan haka, ɗan Adam yana son ya ari sunan mugun hali daga maƙwabci. Turawan Ingila suna da tsohuwar kalma ta maguɗi, "chicanery", wadda suka ɗauko daga Faransanci wajen shekara 400 da suka wuce. Ku da kuka yi lakwal a Togo ko Nijar kun san uwarta, "chicane". Mu ma algus da ha'inci daga Larabci muka samo su.

Yanzu bari mu tsaya a gida kafin mu tsallaka. Lome kanta gudun kwastan ne ya raya ta. A ƙarshen 1879 Turawan Ingila suka miƙa ikonsu har Denu da Aflawo, suka shiga karɓar haraji mai nauyi kan barasa da taba da albarushin da jirage ke saukewa. 'Yan kasuwa suka matsa gabas kaɗan, inda hannun Ingila bai kai ba, suka kafa rumfuna a bakin rairayi daga 1880. Jamusawa suka zo a 1884, suka mai da garin hedikwata a 1897. Hausawa fataken goro suna cikin waɗanda suka sauka da wuri, kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa mutanen wancan babban zango na Gwanja zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Ankara da nan bakin teku. Wurin da ayari ke sauka shi ne zango, mutanen kudu suka ce Zongo, sunan ya zauna. Har gobe ba ka da babban birni a wannan yanki da ya jingina da iyaka kamar Lome. Daga unguwar Kodjoviakope ka taka ƙafa kaɗan, kana Gana.

Cinikin da ya riƙe Zangon Lome shanu ne da goro, kuma wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna da mutanen unguwar ya fitar da littafi a kansu a 1983. Abin da ya bayyana ku kun fi shi sani. Baƙo ya taso da garke daga Nijar ko Barkina, ya sauka gidan mai gida. Mai gida ya ba shi masauki da abinci, dillalinsa ya nemo mahauci, a ɗauki sa bashi, mai gida ya tsaya lamuni. In mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba baɗi ba wanda zai sauka gidansa. Dukiya mai yawa tana wucewa hannu zuwa hannu ba takarda ba sa hannu. Irin wannan fatauci ba ya rayuwa sai da amana, don labarin mai gidan da ya ci kuɗin baƙo yakan riga shi isa Dori da Tawa.

Kada kuma mu wanke kanmu fes. Algus tsohon abu ne a kasuwarmu, mun san shi da sunayensa. Akwai mai ba saniya kanwa da gishiri daren kasuwa ta kwankwaɗi ruwa, da safe ciki ya yi tim. Akwai mai jera goro fari ƙal a bakin huhu, mai sankara yana tsakiya. Akwai mudun da aka bubbuga wa gindi, da madarar da aka tsarma wa ruwa. Malamai sun daɗe suna karantar da haramcin wannan a babin ciniki na Risala. Amma shi algus laifin mutum guda ne a kan mutum guda, kuma kasuwa tana da maganinsa: sarkin pawa, sarkin zango, da tsoron zubewar mutunci. Kalabule wata dabba ce daban, kuma gwamnati ce ta yi kiwonta.

Ga yadda aka yi. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubban ɗaruruwa suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, da yawansu ta nan Aflawo, wasu an haife su a can ba su san wata ƙasa ba. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in ciniki ga 'yan ƙasa. Ku riƙe wannan da kyau. Lokacin da kalabule ta kunno kai, an riga an kori babban kaso na baƙin 'yan kasuwar zango, waɗanda suka rage kuma suna tafiya a ɗarare.

Ran 13 ga Janairu 1972 Kanar Acheampong ya kifar da Busia. Ya fara da farin jini: ya ce ba za a biya wasu basussukan waje ba, ya ɗaga darajar sidi da Busia ya karya, ya kira jama'a su koma gona su ciyar da kansu. Daga 1973 aka ɗaure sidi a kan 1.15 ga dalar Amurka ɗaya, aka bar shi nan shekara biyar, alhali gwamnati na ta buga takardun kuɗi. A 1977 tsadar kaya ta haura kashi 100 cikin ɗari a shekara guda. Gwamnati ta ƙayyade farashin madarar gwangwani da sukari da sabulu da kifin gwangwani da atamfa, ta ce wanda ya sayar sama da haka ya yi laifi.

To, a nan gizo ke saƙar. Dala tana da farashi biyu, na banki da na titi. A ce kana da hanya, ka sami lasin shigo da kayan dala 1,000. Banki zai karɓi sidi 1,150 a hannunka. A ce a titi dala ta kai sidi 8. Kayan nan naka sun zama na sidi 8,000 tun ba su bar tashar jirgin ruwa ta Tema ba. Ba ka yi noma ba, ba ka yi kiwo ba, ba ka kwana a hanya ba. Sa hannun wani babba kawai ka samu. Haka ma 'yar takardar izini da ake ba mutum ya ɗauki kaya a masana'anta ko kantin gwamnati a farashin hukuma. Wanda aka ba ba ya ma wahalar zuwa ɗauka, sai ya sayar da takardar, wanda ya saya ya sayar wa wani. Kafin katan ɗin madara ya iso teburin mai sayarwa a kasuwar Makola ya bi hannu huɗu ko biyar, kowa ya yagi rabonsa. Ita matar da ke kan tebur ita ce ta ƙarshe a layi, ita ce kuma kaɗai mai saye yake gani da idonsa.

Iyaka ta ƙara wa wutar mai. Sefa tana jingine da faran na Faransa, ana karɓarta ko'ina. Sai kayan da Gana ta sayo da dalarta mai wuya su tsallako Lome a kan kai ko cikin kwalekwale, a sayar a karɓi sefa, a canza ta a bayan fage a sami tulin sidi, a koma a sake saye. Manomin koko a yankin Volta ya ga abin da hukumar koko ke biyansa bai kai rabin abin da zai samu a Kpalime ko Badou ba, sai buhu ya bi ta daji da dare. Ƙasar da ta fitar da koko sama da tan 500,000 a kakar 1964 zuwa 1965, ta dawo ba ta kai rabin haka ba a farkon shekarun 1980. Daga wannan ɓangare kuma, tashar jirgin ruwan Lome da aka buɗe a 1968 da babbar kasuwar Asigame suka cika da mutanen Gana masu neman abin da ya ɓace a kantunansu. 'Yan canjin zango, a nan da Cow Lane ta Ankara, sun ci wannan kasuwa, ba mai musun haka. Amma ɗan canji ba shi ke sa hannu a lasin ba, kuma ba shi ke tsaron boda ba.

Ku makiyaya abin ya taɓa ku ta wata fuska. Wa zai koro sa daga Jibo ko Tera, wata guda a ƙafa, a biya shi da takardar da ba ta sayen komai in ya koma gida? Fataken shanu suka juya akala zuwa Abijan da Lome da Legas, nama ya yi wuya a Kumasi da Ankara. A tsakiyar wannan hali, cikin 1977, hukumar Togo ta rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa wajen kilomita 15 arewa, inda ake kira Agoe-Zongo yanzu. Manyan gine-ginen banki ne suka tashi a wajen da iyayenmu suka sauke huhun goro.

A Yulin 1978 abokan Acheampong suka ture shi, Janar Akuffo ya hau. Aka karya sidi zuwa 2.75 ga dala. A Maris 1979 aka rufe iyakoki aka canza takardun kuɗi ba zato: mai sidi 10 a ba shi 7, abin da ya haura 5,000 kuma a ba shi rabi. Wanda ya tara sidi a wannan gefen iyaka ya wayi gari da takardun kunna wuta. Sai ran 4 ga Yuni 1979 ƙananan sojoji suka yi bore, suka fito da Jerry Rawlings daga kurkuku suka ɗora shi. Suka ce sun zo share gida. Ran 16 ga Yuni aka harbe Acheampong tare da Janar Utuka, wanda ya shugabanci rundunar tsaron iyaka. Bayan kwana goma aka harbe wasu shida, har da Akuffo da Afrifa, su ma tsofaffin shugabannin ƙasa. Sojoji suka bazu kasuwanni suna fasa shaguna, suna sayar da kayan mutane a farashin gwamnati. Matan da aka kama da laifin ɓoye kaya aka kwantar da su aka zane, wasu an tuɓe su. Ran 18 ga Agusta aka sa nakiya aka tashi kasuwar Makola ta ɗaya, aka mai da filin wurin ajiye motoci.

Kaya sun yi araha na 'yan makonni, har abin da ke cikin shaguna ya ƙare. Daga nan ba wanda ya yarda ya kawo wani. Mai doya ta zauna a ƙauye da doyarta, mai shago ya bar kantarsa wayam. Rawlings ya miƙa mulki ga Dokta Hilla Limann a Satumba, ya dawo ya karɓe ran 31 ga Disamba 1981, aka sake sabon zagaye: aka janye takardar sidi 50, aka rufe iyakoki a 1982. Banki na nan a kan 2.75, titi ya ninka haka sau ashirin ko fiye. Sannan 1983 ta zo da fari da gobarar daji, ga kuma 'yan Gana wajen miliyan guda da gwamnatin Shagari ta koro daga Nijeriya a farkon shekarar, suka yi cincirindo a Seme da Lome suna jiran a buɗe musu Aflawo. Dattawanmu da suka ga wannan ba sa son tuna shi. (Mutanen Maradi su ma suna da tasu: yunwar da ta biyo bayan rufe iyakar Nijeriya a 1984, El Buhari suka sa mata suna.)

Abin da bulala da nakiya suka kasa, lissafi ne ya yi shi. A 1983 gwamnatin Rawlings ɗin nan dai ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, kafin ƙarshen shekara dala ta koma sidi 30 a banki, aka bi farashin hukuma ana sokewa ɗaya bayan ɗaya. Talaka ya sha wuya ƙwarai, an sallami ma'aikata da yawa, asibiti ya koma sai da kuɗi. Amma tazarar da ke tsakanin farashi biyu ta riƙa tsukewa, kuma a 1988 aka halatta shagunan canji masu lasin. Sana'ar da ake kai mutum bariki a aske masa kai dominta ta zama mai allo a bakin titi. Da madara ta dawo kan kanta a fili, ba sauran abin da za a ce kar a buɗe, sai kalmar ta fara tsufa.

Shi halin bai mutu ba, suna yake canzawa duk inda aka sami farashi biyu da iyaka a tsakani. Fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, mutanen Benin suna ce masa "kpayo", a nan Togo "bude", mu kuma mu ce na 'yan bumburutu, kuma tallafin man Nijeriya ne ya shayar da shi shekaru har aka cire a 2023. Shinkafa ta bi ta daji lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Haka kuma, da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kayan Yamai da yawa suka koma tashi daga tashar Lome, su bi Sinkase, su ratsa Kaya da Dori da rakiyar soja kafin su kai Tera. Direbobin da ke wannan hanya sun san nawa buhu yake a Lome, sun san nawa yake komawa in ya isa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko tarihin takardar shiga da dabbobi ƙasar maƙwabta, wadda ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta fito da ita a 1998, da abin da ya rage mata yanzu da Nijar da Mali da Barkina suka fice. Mai tambaya ya aiko ta hannun wakilinmu na kasuwar dabbobi.